Sikeli Ya Yi Tari

Baba Sikeli bai taɓa kai wa kowa naushi ba tun da uwarsa ta haife shi, shi ma ba wanda ya taɓa kai masa, amma duk ɗan damben zamani da ya tashi a garin sai da ya tsaya a gabansa daga shi sai gajeren wando, yana riƙe numfashi. Ainihin sana'arsa gyaran sikeli ce. Shagonsa na bayan babbar kasuwa, a matse tsakanin mai walda da mai sayar da tsofaffin tayoyi, ɗakin da in mutum biyu suka zo sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Mahauta na kawo masa nasu sikelin yana ƙarnin kitse, masu gwal na kawo nasu a naɗe cikin hankici, asibitin haihuwa na aiko masa da na jarirai. Yana gyara yana mita, don a ganinsa babu sikelin da ke lalacewa da kansa, mutane ne dai ba sa jin magana.

Harkar damben ma gyara ne ya kai shi. Yana saurayi aka kira shi ɗakin horo, wani tsohon sito mai rufin kwano da ƙungiyar dambe ta ara ba ta mayar ba, ya duba musu sikelin awon 'yan wasa. Irin na tsaye ne, mai faranti a ƙasa da sandar ƙarfe a sama, da ɗan ƙarfen da ake turawa har sandar ta kwanta daidai. Ya gyara, ya tsaya ya ga ko zai yi aiki. Ranar mai awon bai zo ba, aka ce don Allah ya taimaka. Taimakon nan ne bai ƙare ba har furfura ta cinye masa kai. Ba albashi, ba ko kuɗin mota. Abin da ya samu a ciki suna ne kawai, sai kuma gorin matarsa, wadda in ranta ya ɓaci takan ce, "Malam, je ka wajen uwargidanka ta ƙarfe ta dafa maka."

A damben zamani ba a haɗa babba da ƙarami. Kowa da rukuninsa na nauyi, kuma da safen ranar wasa ake awo. Wanda ya haura iyaka, ko da nauyin cokalin shayi ne, ya fita ke nan, abokin karawarsa ya wuce ba tare da ya ɗaga hannu ba. Akwai lokacin buɗe awo, akwai na rufewa. Wannan ita ce dokar da aka rubuta. Akwai kuma wadda ba a rubuta ba, ita ce ta Baba.

'Yan wasan nan duk 'yan sha'awa ne, ba wanda ake biya. Lebura ne, da mai faci, da mai wankin mota, da mai tura baro. Ba su da likita, ba su da sikeli a gida, da ƙiyasi suke rage ci. Sai ka ga mutum ya yi kwanaki yana shan ruwan zafi da ɗan guntun burodi, ya zo ya hau, ya haura da abin da bai taka kara ya karya ba. Baba sai ya dubi sandar, ya tamke fuska, ya buga gefen sikelin da tafin hannu.

"Sauka," zai ce. "Abin nan ya fara tari."

Daga nan ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya kwance sandar, ya jera ƙusoshi a kan tsumma, ya ɗauko burushi da 'yar kwalbar mai, yana ta mita kan ƙura da yara marasa tarbiyya masu tsalle a kan sikeli. Doka ta ce in sikeli ya samu matsala, lokacin gyara ba ya cikin lissafi. Kafin ya gama, kocin ɗan wasan ya ja shi bayan sito, ya zura masa rigar leda, a yi tsallen igiya, a tofar da yawu, a aske kai in da gashi, a shiga ban ɗaki. Ya dawo yana haki ya hau, sandar ta kwanta. Baba bai taɓa ƙara wa kowa nauyi ko ya rage masa ba, lambar da ya faɗa gaskiya ce. Lokaci kawai yake sata. Kowa ya sani, ba kuma wanda ya taɓa faɗa a gabansa. A duk shekarun da ya yi yana awo, bai taɓa mayar da ɗan kowa gida a kan nauyin cokali ba.

'Ya'yansa huɗu. Mata uku sun yi aure sun watse, namijin shi ne auta, ana ce masa Bahago don da hagu yake komai. Baba bai so ya yi dambe ba, bai kuma hana shi ba. Uwar ce ta yi faɗan har ta gaji ta bari. Bahago ya girma ya zama direban motar burodi. Kafin gari ya waye ya fita, ya bi shaguna yana sauke kaya, da rana ya ɗan kwanta, da yamma ya tafi sito ya daki buhu. Ya yi aure, aka ba shi ɗakunan da ke bakin ƙofar gidan, ya haifi biyu. Mutum ne marar magana, in ka gaishe shi ya amsa, in ba ka gaishe shi ba ya gaishe ka.

A rukuninsa ba wanda ya kai shi a ƙasar. Abu ɗaya ya rage masa, zuwa babbar gasar ƙasashe ta 'yan sha'awa, wadda kowace ƙasa ke tura mutum ɗaya a kowane rukuni. Sau biyu yana kaiwa bakinta. Na farko ƙungiya ta ce ba kuɗin jirgi, sai shugabanni kawai suka je kallo. Na biyu ya karya yatsa ana gab da tafiya, ƙofar motar burodi ce ta datse shi. Yanzu shekaru sun ja. Gwiwarsa ta fara ƙara in ya tashi daga zaune, mai gidan burodi ya gaji da ba shi izini, matarsa ta gaji da dafa ruwan gashi. Wannan karon shi ne na ƙarshe, kowa a gidan ya sani ba sai an faɗa ba.

Ana cikin haka aka ji a rediyo cewa ƙungiyar duniya ta buɗe ƙofa, 'yan sana'a ma, masu cin abinci da dambe, za su iya shiga gasar. Mai walda da mai tayoyi suka samu abin yi. Mai walda ya ce daidai ne, ƙasa ta tura wanda ya fi kowa iyawa, ai ba gasar tausayi ba ce. Mai tayoyi ya ce to a haɗa shi da kamfanin taya su yi gasar ciniki a gani. Suka yi ta yi a kan Baba, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, shi yana tsakiya yana goge sikelin wani mahauci. Da suka matsa masa ya faɗi nasa ra'ayin, sai ya ce shi awo ya sani, duk wanda aka kawo masa zai auna. A ransa kuwa ya san maganar ba ta yi masa daɗi ba. Ya ga yadda 'yan sha'awa ke zuwa horo da ƙurar wurin aiki a jikinsu, yana kuma ganin abu ɗaya tak da aka bar musu a duniya shi ne za a karɓe.

Bai ɗauka abin zai zo har ƙofar shagonsa ba, sai ga sakataren ƙungiya wata rana da hantsi, yana share gumi.

"Baba, ka ji labari? Tsinke zai dawo."

Tsinke maraya ne da ya taso a sito yana tura baro da safe yana horo da yamma, siriri har ana tsoron iska ta ɗauke shi, shi ya sa sunan. Da ya fara cika, ranar wasan ƙarshe na matasa ya haura iyaka, sikeli ya yi masa tari, ya hau ya ci. A ranar wani manaja ya gan shi ya fita da shi ƙasar waje. Yanzu hotonsa na kan allunan talla da wani suna mai ban tsoro, amma a bakin Baba yana nan a Tsinke.

"Ya dawo lafiya," in ji Baba. "Wane rukuni?"

Sakatare ya dubi ƙasa. "Na Bahago. Shugaba ya ce a yi adalci, ba za a ba kowa gurbin haka kawai ba. Za su kara, wanda ya ci shi zai tafi."

Baba ya ajiye burushi. "To ku nemi mai awo. Ɗana ne."

"Wa za mu nema? Sikelin lantarkin da Shugaba ya sayo ya mutu tun bara. Naka kuwa ba mai iya karanta shi sai kai. Kuma ƙungiyar duniya za ta aiko da wakiliya ta zauna a kan awon da agogonta, ba abin da wani zai ce. Shi kansa Tsinke ya ce in ba kai ba, ba zai hau ba."

Baba ya so ya ƙi. Amma ya gaji, kuma mutumin da ya yi shekaru yana cewa to, bakinsa kan manta yadda ake cewa a'a.

A gida uwar Bahago ce ta fi kowa ɗaukar zafi. Tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu ta ce, "Wanda ake biya don ya daki mutane, da wanda ke raba burodi, a ce su hau tare? Shi wancan bai ƙoshi ba ne? Me ya rasa da zai zo ya karɓi na bakin yaron nan?"

"Inna, bar shi ya zo," in ji Bahago, yana naɗe bandejin hannunsa. "Turmi uku ne namu. Su 'yan sana'a sun saba da goma sha biyu, a hankali suke tashi. Kafin ya farka an gama."

"Kai dai kullum da sauƙi."

"Kuma ya fi ƙarfin rukunin nan, sai ya sauke nauyi da yawa. Su ana auna su tun jajibiri, su kwana suna ci. Mu da safen ranar ne. Bai saba ba."

Baba na zaune a kan tabarma yana jin su. Bahago bai dube shi ba.

Ana jibi wasa, wata doguwar mota ta tsaya a bakin layin shagon, ta kasa shiga saboda tayoyin maƙwabci. Tsinke ya fito ya ƙaraso da ƙafa, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Fuskarsa ta faɗa, leɓensa ya bushe. Baba ya dubi hannayensa, gaɓoɓin yatsun duk sun kumbura sun karkace.

"Me ya dawo da kai?" in ji Baba. "Ba ka da abin da kake nema a nan."

"Baba, kambun da na ci duk na manaja ne da masu talabijin. Ana gama wasa su raba, ni a ɗinke mini gira. Ban taɓa jin an buga taken ƙasa saboda ni ba."

"Ai kai ka tafi."

"Yunwa ce ta tafi da ni. Da ina da uban da ke da shago, da na tsaya."

Baba ya san maganar ba ƙarya ba ce. Tsinke bai roƙi komai ba, bai ko ambaci awo ba. Ya tambayi Inna, ya tambayi Bahago, ya ce a gaishe su, ya tafi. Baba ya bi shi da kallo, ya ga yana tafiya a hankali irin ta wanda bai sha ruwa ba.

Ranar awo sito ya cika tun da sassafe. An share, an ɗaure igiyoyin dandalin da sabon ƙyalle, fankar sama dai tana nan ba ta juyawa. Wakiliyar ƙungiyar duniya ta zauna a gefen sikeli, mace ce mai tabarau, ba ta jin yaren garin, ta cire agogonta ta ajiye a kan tebur. Tsofaffin kociyoyi suka jeru a benci. Aka auna ƙananan rukunai suka wuce.

Bahago ya hau. Baba ya tura ƙarfen, sandar ta kwanta ƙasa da iyaka. Ya faɗi lambar, wakiliya ta leƙa ta gani da idonta, ta gyaɗa kai.

Tsinke bai iso da wuri ba. Manajansa ya tsaya da shi a otal suna ta gwaji a kan nasu sikelin, wanda ya ce musu komai daidai. Da suka shigo lokaci ya kusa cika. Ya tuɓe ya hau, Baba ya tura ƙarfen zuwa iyaka, sandar ta ƙi sauka. Aka kawo tawul aka kare shi, ya cire gajeren wandon ma, ya fitar da duk iskar da ke ƙirjinsa. Sandar ta yi ɗan rawa, ta koma sama ta tsaya. Abin da ya haura da shi bai kai nauyin kofin ruwa ba.

Manaja ya hau faɗa da yarensa, yana nuna sikelin yana nuna wayarsa. Wakiliya ba ta ko kalle shi ba, agogo take kallo. Abin da ya rage bai isa mutum ya ɗaura takalmi ya yi tsallen igiya ba. Ita da manajan ba su san komai game da tari ba. Amma duk wani ɗan sito ya sani, shi ya sa wurin ya yi tsit, har ana jin ƙarar injin niƙa daga layin baya.

Abin da ya rage wa Baba kaɗan ne. Kawai ya faɗi lambar, wadda gaskiya ce, ya rufe akwatinsa. In ya yi haka, Bahago zai tafi gasar da ya yi rabin rayuwarsa yana nema, ba tare da an taɓa lafiyar jikinsa ba, kuma ba mai cewa an karya doka. Baba ya san haka sarai. Yana son ɗansa ya tafi, so irin wanda ke hana mutum cin abinci. Ya kuma san wannan ba lebura ba ne, ba mai faci ba ne, mutum ne mai likita da mai dafa masa abinci, in ya haura laifin mutanensa ne. Tarin nan don marasa gata aka yi shi.

Sai dai wanda ke tsaye a kan farantin, tsirara a bayan tawul, haƙarƙarinsa a waje, harshensa ya bushe har ba ya iya haɗiyar yawu, bai yi kama da na kan allon talla ba. Ya kafe idonsa a bango, bai dubi Baba ba, irin tsayuwar da duk suke yi in sun san sun haura. Baba ya ga wannan tsayuwar sau ba adadi, kuma duk lokacin da ya gan ta abu ɗaya hannunsa ke yi. Ya ji idon kociyoyin a bayan wuyansa. Ya san abin da za su tafi da shi gida: sikelin da ya yi wa kowa tari, ranar da ɗan mai shi zai amfana ya warke. Ya gaya wa kansa cewa mutumin da ya bushe haka ba zai iya turmi uku da Bahago ba. Bai waiwaya inda ɗansa ke tsaye ba.

Tafin hannunsa ya sauka a gefen sikelin.

"Sauka," ya ce. "Abin nan ya fara tari."

Wani tsohon koci, wanda shi ya fara koya wa Tsinke tsayuwa, ya miƙe daga benci ba tare da an kira shi ba, ya kama hannunsa ya ja shi bayan sito, wani ya bi su da rigar leda. Manaja ya tsaya baki buɗe, yana zaton faɗansa ne ya yi aiki. Sakatare ya yi wa wakiliya bayanin dokar gyara, ta duba ta ga haka ne, ta kife agogonta.

Baba ya kwance sandar, ya shimfiɗa tsumma. Yau ba mita. Wata ƙaramar ƙusa ta suɓuce masa ta gangara ƙarƙashin benci. Kafin ya sunkuya, Bahago ya durƙusa ya lalubo ta, ya ajiye a kan tsumman kusa da 'yan'uwanta, ya koma inda yake ya ci gaba da sa rigarsa.

Tsinke ya dawo an aske masa kai ƙwal, yana tangaɗi. Ya hau, sandar ta kwanta daidai kan iyaka. Baba ya faɗi lambar.

Wasan sai da yamma. Abin da Baba bai sa a lissafi ba shi ne tsakanin safe da yamma. 'Yan sha'awa in an gama awo shayi da burodi suke samu, wani ma ya koma wurin aiki ya dawo. Shi Tsinke likitansa ya mayar da shi otal, aka yi ta ɗura masa ruwan gishiri da sukari da abinci mai laushi, aka yi masa tausa, ya yi barci a ɗaki mai sanyi. Wanda ya shigo sito da yamma wani mutum ne daban, kafaɗunsa sun cika riga.

Baba bai matsa kusa ba, daga bakin ƙofa ya tsaya, kusa da sikelinsa da ya lulluɓe da buhu. Turmin farko na Bahago ne, ba gardama. Ya yi ta shiga yana fita, hagunsa na sauka, sito ya ɗauki ihu. A turmi na biyu Tsinke ya gama karantar sa. Naushi ɗaya ya kai masa a ƙarƙashin haƙarƙari, Baba ya ji ƙararsa daga inda yake, ya ga ƙafafun ɗansa sun daina rawar da suke yi. Turmi na uku ya fi kowanne ciwo. Tsinke na iya kayar da shi, kowa ya ga haka, amma bai yi ba. Ya riƙa rungume shi, yana tallafe shi a jikin igiya, yana taɓa shi kaɗan kaɗan yadda alƙalai za su ƙirga. Tausayinsa yake ji, a gaban matarsa da abokan aikinsa na gidan burodi da suka zo da motar kamfani. Aka ɗaga hannun Tsinke.

Da mutane suka fara watsewa, Tsinke ya zo bakin ƙofa da tawul a wuya, ya sunkuyar da kai.

"Baba, na gode."

"Ban san abin da kake faɗa ba," in ji Baba. "Ƙura ce ta shiga."

Tsinke ya je gasar. Ya ci wasa ɗaya, a na biyu ya haɗu da wani ɗan sana'a irinsa daga wata ƙasa, aka fitar da shi. Ba a buga taken ƙasa ba. Rediyo ta yi mako guda tana gardama, wasu na cewa da an tura ɗan sha'awa, wasu na cewa da ɗan sha'awa aka tura da gawarsa za a dawo da ita. Mai walda da mai tayoyi suka ɗora daga inda suka tsaya, amma yanzu in Baba ya iso sai su sauya zance. Ya ci gaba da buɗe shago yana rufewa. Da sakatare ya aiko a kan awon wasan matasa, ya je, don ba wanda zai je.

Bahago bai sake taka sito ba. Bai yi faɗa ba, bai yi gaba da kowa ba. Kullum in ya dawo daga rabon burodi sai ya zo ya durƙusa ya gaida ubansa, ya tambayi kasuwa, ya tashi. Baba ya yi ta jiran ranar da zai tambaye shi don me, har ya tanadi amsoshi iri iri, ba ko ɗaya da shi kansa ya yarda da ita. Tambayar ba ta zo ba. Da ya zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Wata ranar hutu da rana suna zaune a tsakar gida, Inna ta kawo shinkafa da wake ta ajiye musu. Bahago ya cinye nasa, ya miƙa kwano aka ƙara masa, ya cinye, ya sake miƙawa. Ba ya sauri, ba ya magana, ci kawai yake yi, kansa a sunkuye. Wuyansa ya fara kauri, rigar aikinsa ta fara matse shi. Baba ya tashi kamar zai wanke hannu, ya tsaya a ƙofar kicin, ya rage murya.

"Yaron nan zai ja wa kansa ciwo. Ki yi masa magana."

Inna ba ta juyo ba, tana kankare ƙasan tukunya. "Bar shi ya ci, Malam."

"Bai saba ba. Shi jikinsa ba mai son abinci ba ne tun asali."

Ta ajiye cokalin, ta dube shi. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Jikinsa? Ni na yi shekaru ina kwashe kwanonsa, yanzu matarsa ke kwashewa. Tun ranar da ya fara hawa sikelinka yaron nan bai tashi daga gaban abinci a ƙoshe ba. Na yi kuka, na yi faɗa. Ya ce mini kowa sikeli zai iya yi wa tari ban da shi. Ya ce ranar da ka yi masa, za a ce dama can kai mai son kai ne, duk alherin da ka yi a baya ma a zubar. Don sunanka yake kwana da yunwa. Kai kana can kana auna 'ya'yan mutane."

Ta juya ta ci gaba da kankare tukunyarta.

Baba ya daɗe a tsaye. Ya laluba a ransa ko akwai rana ɗaya, ko da guda ɗaya, da ya buga gefen sikeli saboda ɗansa, bai samu ba. Ya koma ya zauna a kan tabarma. Kwanonsa na nan yadda aka ajiye shi.

Bahago ya ɗago kai. "Baba, ba ka ci ba."

"Na ƙoshi."

Bahago bai ƙara tayi ba. Ya jawo kwanon gabansa ya ci gaba.